Mitar Motar Baba

Shekara biyu da dawowarsa daga karatu a ƙasar waje, abin da Injiniya ya gyara a gidansu bai wuce rimot ɗin talabijin ba, shi ma batir ya canza masa. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan, kuma duk mai kiransa da shi sai ya haɗa da ɗan murmushi. Takardun neman aiki ya raba su kamar katin gayyata. Inda ake kiransa ganawa kullum can ƙarshen gari ne, kafin ya isa takalmi ya yi fari, riga ta manne a baya.

Ga kuma motar Baba a ƙofar gida, a ajiye. Baba tsohon direba ne, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Motar tana tashi, tana tafiya, amma allon mitarta ya mutu tun Injiniya yana can: allurai a kwance, gilashin lambobi baƙi ƙirin. In Baba yana son sanin ko akwai mai, jijjiga motar yake yi ya kasa kunne.

Mutuwar mitar ta yi wa Baba rana. Kullum da yamma a kan benci sai ya gaya wa abokinsa Tela cewa motar nan ta haura kilomita rabin miliyan. Tela ya ce da ta yi haka da tuni an narkar da ita an yi cokula, kuma shi bai taɓa ganin motar da tafiyarta ke ƙaruwa tana tsaye ba sai wannan. Wata rana musun ya yi zafi, Baba ya aika a kira ɗansa.

"Ka ce ka karanta kayan lantarki. To, ka tayar min da mitar nan, lambata ta fito wannan mai almakashin ya gani da idonsa. In ka yi, makulli naka ne. Na gaji da ganinka a ƙafa."

Injiniya ya shiga bayani. Lambar ba a gilashi take ba, tana cikin wani ɗan cif mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba. Za a sayo tsohon allo mai rai, a kwashe abin da ke cikin cif ɗin Baba a zuba a nasa. Yana shirin shiga tarihin irin wannan cif Baba ya ce shi e ko a'a ya tambaya. Ya ce e.

Mai sayar da tsofaffin kayan mota, yana miƙa masa allon, ya rage murya ya tambaye shi kilomita nawa za a rage a lambar. Da ya ji cewa babbar lamba ake son dawo da ita, sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya kalli Injiniya.

A teburin falo aka yi aikin, Inna ta shimfiɗa tsohon zane don kada dalma ta ƙona mata katako. Baba da Tela suka tsaya a kansa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Injiniya ya kwance allunan biyu, ya ɗaga kowane cif da ƙarfe mai zafi ba tare da ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ba. Ya kuma tabbatar an lura. Har ya ɗaga yatsa ya koya musu dokar da wata tsohuwar malamarsu ta dasa musu a kai: ka karanta, ka adana, ka sake karantawa, sannan ka kusanci rubutu. Tela ya ce su ma a ɗinki haka ne. Baba ya ce a yi shiru, ana aiki.

Ya fara da cif ɗin da ya sayo, don gwaji. Kwamfuta ta karanta shi tsaf. Ya cire, ya maƙala na Baba. Daidai nan Tela ya tambaya ko da gaske ne a can mutane yar da wando suke yi in zif ya lalace. Injiniya, wanda bai taɓa barin tambaya game da can ta wuce shi ba, ya juya yana amsawa, yatsansa kuma ya danna.

Maɓallin karantawa da na rubutawa maƙwabta ne.

Koren layi ya cika, kwamfuta ta taya shi murnar nasara. Ya zura mata ido. Cif ɗin Baba yanzu yana ɗauke da tafiyar wani baƙo, wanda ga alama daga gida sai ofis ya sani, ko dubu ɗari bai cika ba. Duk hanyoyin da Baba ya ci a motar nan, da gaskiyar da ƙarin gishirin, sun tafi, kuma babu wanda ya gan su ko sau ɗaya.

"Ya fito?" in ji Baba.

"Na'urar tana ɗan tunani, Baba. Za ta ɗauki lokaci."

Tsofaffin suka koma benci. Injiniya ya leƙa kicin ya tambayi Inna, kamar hira, ko ta tuna abin da mitar ke nunawa kafin ta mutu. Ta ce ita a baya take zama, abin da ta gani shekara da shekaru ƙeyar ubansa ce.

Ya koma tebur. Lamba a irin wannan cif ba a fili ake ajiye ta ba. A juye take, a maimaice a layuka da yawa, kowane layi da ɗan mai gadinsa, in ɗaya ya saɓa sai gilashi ya nuna zane-zane kawai. Ya ɗauki fensir. Ya canza, ya liƙa, ya jona da batir, ya duba, ya sake cirewa. Shayin da Inna ta kawo ya huce a gefensa. Kafin inuwar gida ta kai bakin titi ya gano tsarin gaba ɗaya, ba wanda ya nuna masa. Tunda yake bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma aiki ne da ba zai iya sa shi a takardar neman aiki ba.

Saura lamba. Kowace yake so zai iya rubutawa. Hankalinsa ya ce dubu ɗari uku, don in aka auna shekarun motar da gwiwar mai ita, nan gaskiya take zagayawa. Amma ya hango fuskar Baba a gaban Tela, ya kuma san mutumin da aka kunyata ba ya miƙa makulli da daɗin rai. Ya rubuta rabin miliyan. Sai ya ga ta yi sumul da yawa, ya ɗora mata 'yan dubbai da ɗoriya, irin na abin da ya faru da gaske.

Da aka murɗa makulli allurai suka miƙe, fitilu suka kama, lambar ta fito. Tela ya ɗora tabarau, ya karanta, ya goge shi da bakin riga, ya sake karantawa. Baba ya fi shi daɗewa. Injiniya yana kallonsa ta gefe, ya ga fuskar mutumin da bai taɓa yarda da labarin kansa ba.

"Ashe ta kai," in ji Baba a hankali. Sai ya gyara murya. "Ai na faɗa."

"Direba, na janye," Tela ya ce. "Cokulan ma na janye."

Washegari da safe Injiniya ya goge riga, yana da ganawa a ƙarshen gari. Ya fito karɓar makulli ya tarar da Baba a gindin mota da sabon tamfol a naɗe.

"Zo nan, ɗana. Jiya na yi tunani." Baba ya dafa bonet. Ya ce lokacin da ya yi alkawari ya ɗauka tsohuwar mota ce kamar kowace. Amma motar da ta yi wannan tafiya ba a jefa ta cikin cunkoso, balle a hannun wanda ya koyi tuƙi a ƙasar da ake bin ɗaya gefen titi. Hutu ya kamace ta, mutane su riƙa zuwa suna gani. "Da a ce irin dubu ɗari uku ta nuna, wallahi da yanzu kana hanya."

Injiniya ya buɗe baki. Baba bai lura ba, ya ci gaba da cewa ya riga ya gaya wa duk layin nan ɗansa ne ya zaƙulo gaskiya daga cikin abin da bai kai wake ba, kuma kuɗin karatun nan, yau ya san ba a ruwa ya zuba su ba. Bai taɓa faɗin haka ba.

Injiniya ya rufe bakinsa.

"Kama can," in ji Baba, ya miƙa masa bakin tamfol. "A hankali, kada ka karce mata fenti."

Ya kama, ya ja.