Baƙi ko Ruwan Ƙasa

Shekara talatin da ɗoriya Mai Wayarin ya yi yana gyaran wutar motoci a shago ɗaya, kuma duk layin babu wanda ya san cewa wata goma sha ɗaya ke nan rabon idonsa da raba baƙi da ruwan ƙasa. Yanar ido ce ta rufe masa idanun a hankali, shi kuma ya rufe bakinsa. Waya dai hannu ya san ta, fis ma da yatsa yake gane wanda ya yanke. Abin da ya hana shi sakat shi ne ƙananan fitilun LED da kowa ya koma saka wa cikin motarsa.

Su waɗannan fitilu ba a haɗa su da batir kai tsaye. Sai an sa musu rezista, wani ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar shinkafa mai waya gaba da baya, wanda yake rage ƙarfin wuta. Wanda ya ƙirƙiro shi kuwa, Allah ya shirye shi, bai ga dama ya rubuta lamba a jiki ba, sai zanen launi. Rawaya, shunayya, ruwan ƙasa, wannan shi ne ɗari huɗu da saba'in, daidai da mota. Rawaya, shunayya, baƙi, wannan arba'in da bakwai ne na gyaran rediyo, kuma kafin ka ce kwabo ya ƙona ƙwan fitila.

Matarsa kaɗai ta san halin da ake ciki. Ita take zama ta ware masa su cikin tsofaffin kwalaben magani, ta ɗaura wa kwalbar na mota roba biyu, ta rediyo roba ɗaya. Da wannan dabara yake fita aiki kullum kansa a sama.

Ran nan da hantsi sai ga Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar asibiti, ta faka motarta a ƙofar shagon. Gabansa ya faɗi tun kafin ta gama gaisuwa. Yarinyar nan ce bara ta dube shi ido cikin ido ta ce ranar da ta tabbatar ganinsa ya ragu, ranar za a rufe shago a tafi a yi masa aiki. Shi kuwa ya ga yadda yayansa ya ƙare bayan nasa aikin idon: yana zaune a kan tabarma shekara shida, jikoki na tsallake ƙafafunsa. Tsoron tabarmar nan ya fi masa tsoron makanta.

"Baba, fitilar cikin motata ce ta mutu," in ji ta. "Ga sababbi guda biyu na sayo. Na ce ba wanda zai taɓa min ita sai kai."

"To, ki bar ta, ki dawo da yamma."

"Ina za ni? Yau hutu nake. Zama na zo yi da kai, ko korata kake yi?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya shiga motar ya fara kwance murfin fitilar rufi. Yana can yana fama da sukurori huɗu, bai san abin da take aikatawa a shagon ba. Ai malaman asibiti ba sa iya ganin datti su zauna lafiya. Da ya fito ya miƙa hannu inda kwalabensa suke, sai ya ji tebur fes.

"Na gyara maka wurin," ta ce, tana jin daɗin kanta. "Waɗannan ƙazaman kwalaben na zubar. 'Yan abubuwan da ke ciki duk ga su nan a gwangwani guda, mai murfi ma."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ba halin faɗa. Mai ido lafiya me zai dame shi don an haɗa masa rezista wuri ɗaya? Sai ya karɓi gwangwanin ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Ya koma cikin motar ya kishingiɗa a kujerar direba. Ita ma ta buɗe ɗaya ƙofar ta shige, ta zauna gwiwarta na gogar tasa, ta ja ƙofa ta rufe. Rana ta fara dukan rufin, gilasai a rufe, gumi na bin wuyansa. Ta wannan gefe sitiyari ya tokare shi, ta wancan kuma 'yarsa ce ta zuba masa ido irin na masu duba marasa lafiya.

Ya ɗauko rezista guda daga gwangwanin ya ɗaga shi saitin taga. Rawayar ya hango ta dishi-dishi. Zanen na uku kuwa, wanda shi ne komai, wani duhu ne kawai.

"Ba za ka auna shi da mita ba?" ta tambaya.

"Batirinta ya mutu," ya ce. Lafiyar mitar ƙalau, lambobinta ne suka daina yi masa magana.

Ya murɗa wayoyin, ya yi bisimilla ya taɓa. Wani ɗan ƙara ya ji, tas, sannan ƙaurin ƙonewa ya cika motar.

"Kai, Baba! Ya yi haske ɗaya ya mutu."

"Kayan yanzu ke nan," ya ce. "Rabinsu a mace ake sayar da su."

Saura ƙwai ɗaya. Ya so ya aike ta sayen ruwa don ya kira matarsa ko maƙwabcinsa mai faci ya duba masa, sai ta zaro gora daga jaka ta miƙa masa. Ya so ya ce sallah za shi, alhali azahar da saura. Ya zuba rezistocin a tafin hannu yana juya su da ɗan yatsa, duk girmansu ɗaya, duk santsinsu ɗaya. Shekara talatin na gwaninta, yau ga shi ya koma canki-canka a gaban yarinyar da shi ya koya wa ƙirga.

Ya ɗauki wanda yatsansa ya tsaya a kai, ya haɗa, ya taɓa waya. Bai ji ƙara ba, bai ji ƙauri ba, bai kuma ga komai ba. Da ƙwan fitila irin na da ne, da ya taɓa shi da yatsa ya ji ɗumi ya san ya kama, amma wannan ɗan banzan ko ɗumi ba ya yi. Ya yanke cewa wayar ce ba ta zauna ba. Ya sake murɗawa, ya bi ta da yatsa har gindin murfin, yana gunaguni, yana zagin masu ƙera kaya.

"Baba," ta ce a hankali. "Ai tun ɗazu ya kama."

Hannunsa ya tsaya a sama.

"Na gani mana. Ƙarfinta nake dubawa."

Ya ji ta ɗan motsa kusa da shi.

"To yanzu fa? Yana ci?"

Ya ɗaga kai ya ƙura wa rufin ido har idanunsa suka kawo ruwa. Fari ne kawai ko'ina, na rana da na yana sun haɗe.

"Yana ci," ya ce.

"Na kashe shi, Baba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ya ji tana jan hanci tana neman hankici a jaka. Don kunya da baƙin ciki ya rasa inda zai sa fuskarsa a cikin 'yar motar nan.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"An kusa shekara."

"Mama ta sani?"

"Kar ki ga laifinta. Ni na hana ta faɗa."

Can ya gyara zama ya share wuyansa.

"Sake kunna shi ki tayar da inji," ya ce. "Wutar batir sha biyu ce in mota na tsaye, amma in inji ya tashi tana haura sha huɗu. A nan ake gane aiki. Ba na sallamar mota ban gwada ba."

Ta kunna fitilar, ta miƙa hannu ta gabansa ta murɗa makulli. Injin ya tashi. Ya taka totur sau ɗaya, sau biyu, ya riƙe shi, yana shaƙar iska ko zai ji ƙauri.

"Ya ƙone?"

"Bai ƙone ba. Haske fari tas. Aikinka ya yi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da murfin ya ɗaure sukurori huɗun ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, ita ma ba ta ce ya yi ba. Da ya gama sai ya laluba aljihunsa ya zaro makullin shagon ya ɗora mata a tafin hannu.

"Kwaɗon yana da taurin kai," ya ce. "Sai kin ɗaga ƙofar sama kaɗan kafin ya shiga."