Giɓin da Susanna Ta Bari a Ringi

A unguwar Nassarawo da ke Mubi, in ka ce wa mai keke ya kai ka garejin Baba Ishiyaku, ba zai tambaye ka kwatance ba. Tsoho ne gajere mai faɗin ƙirji, ga saurin fushi ga saurin hucewa, kuma abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: tun yana saurayi yake ɗaure inji, babu wanda ya fita daga hannunsa ya dawo yana hayaƙi ko ya buga. Sirrin kuwa har mai ƙosan bakin garejin ta haddace shi saboda yawan ji. Ringi, wato zoben ƙarfen nan da ke zagaye da fistan, Baba Ishiyaku matse shi yake yi. In ya zura shi cikin silinda, bakinsa biyu sai sun kusa haɗuwa, ko reza da ƙyar take ratsawa. Duk yaron da ya bar giɓi mai faɗi a ringi, ranar sai ya sha rankwashi.

Yara da yawa sun koyi aiki a wurinsa sun kama gabansu. Wanda ya fi ji da shi a cikinsu shi ne Vandi, wanda ya buɗe nasa garejin a hanyar Bahuli. Wadda ba ta tafi ba ita ce 'yarsa Susanna. Tun tana rarrafe take cikin baƙin mai, yanzu ga ta ta kusa talatin, ta fi shi ƙarfin hannu, ta fi shi ido, don shi idon ya fara yi masa gardama. Amma a teburin mai shayi maganar ɗaya ce: garejin Ishiyaku da Ishiyaku za a binne shi, tunda magajiyar mace ce. Yana jin maganar, tana kuma ci masa rai ƙwarai, sai dai shi kansa bai taɓa barin Susanna ta rufe inji ba tare da ya tsaya a kanta ba.

Ana cikin haka sai ga Mahmoud, ɗan wani dillalin shanu, ya dawo daga Abuja da sabon hauka. A can ya ga samari suna saka wa mota wata tukunyar gas da suke kira naitiro, in an danna maɓalli gas ɗin ya shiga inji, motar ta zabura kamar an tsikari jaki. Shi da abokinsa Abdulrashid kowa ya sayo tukunya da sababbin fistan iri ɗaya, suka kuma sa rana za su gwada gudun tsofaffin motocinsu a wani fili da ke hanyar Kwaja. Abdulrashid ya kai tasa wurin Vandi. Mahmoud ya turo tasa Nassarawo.

Baba Ishiyaku ya zagaya tukunyar yana taɓe baki. Shi bai san ta ba, kuma girma ba zai bar shi ya faɗa ba. Sai ya juya ya ce, a gaban kowa, "Susanna, wannan aikin naki ne. Daga farko har ƙarshe, ba ruwana."

Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya matsa masa. Bayan kwana biyu ya so ya haɗiye maganar.

Ya dawo daga cin abincin rana ya tarar da ita ta ɗaure ringi sabo fil a bakin teburi, tana goga masa magagari a baki. Ya ƙwace, ya zura shi cikin silinda, ya ɗaga wajen haske. Ko da idonsa mai gardama sai da ya hango rana ta cikin giɓin.

"Ke! Kin haukace ne? Wannan ai akuya zai wuce ta ciki!"

"Baba, tsaya ka gani tukuna."

Ta ɗauko wani tsohon fistan irin wanda suka saba, ta aza a kan kututture, ta sauke masa guduma. Ya lotsa, ya karkace, amma yana nan a dunƙule. Ta ɗauko wani kuma daga cikin tarkace, irin na Mahmoud, ta sauke masa. Gefensa ya tarwatse kamar tangaran, ɓarɓashin yana ƙyalli.

"Ka gani? Wannan an zuba masa wani abu kaman yashi a cikin ƙarfen. Yana da tauri, ba ya cinyewa da wuri, amma ba ya lanƙwasa, fashewa yake. In Mahmoud ya danna gas, wutan cikin injin zai ninka. Ringi zai kumbura. In babu wurin da zai miƙe, bakin zai haɗu, ya cije silinda, ya ɓalle kan fistan. Na gaya masa ya nemo fistan na daban, ya ce ba lokaci. To na sa masa gas kaɗan, na ƙara mai, na ja lokacin wutan filogi baya, ringi kuma dole in ba shi wuri."

"Waye ya koya miki?"

"Na karanta, Baba. Na kuma tambayi waɗanda suka fasa nasu."

"A waya!" Ya yi tsaki. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Injin zai fita da sunana yana hayaƙi, a yi mini dariya a Mubi."

"Kai ka ce aikin nawa ne."

Tsohon ya jefar da ringin a kan teburi. Ya fita yana faɗa da wani kare da bai yi masa komai ba.

Ranar Asabar da la'asar Susanna ta tafi coci koyon waƙa, ta bar fistan ɗin a jere cikin tire an rufe da tsumma, sai Litinin za ta ɗaure. Garejin ba kowa sai tsohon. Baba Ishiyaku kuwa yana da irin wannan ringin sabo a cikin durowa, kuma canzawar ba za ta ɗauke shi tsawon shan shayi ba. Ba za ta ma sani ba sai an rufe. Ya fito da kwalin, ya zauna, ya zare ɗaya daga cikin nata yana ƙunƙuni. Sai ya shafa bakin ringin da babban yatsa, don yanzu yatsansa ya fi idonsa gani.

Bakin a miƙe yake sak, ba karkata, ba ƙaya, an goge kaifin sumul. Ya zaro na biyu, haka. Ya zura su ɗaya bayan ɗaya a silinda ya auna, giɓin duk ɗaya ne, babu wanda ya ɗara wani. Ya ga aikin rago a rayuwarsa har ya gaji, ya san kamanninsa, wannan kuwa aikin wanda ya san abin da yake nema ne. Bai yarda da maganarta ba har a lokacin, gaskiya ke nan, gani yake injin hayaƙi zai yi. Amma aikin hannunta kam ya yarda da shi. Ya daɗe zaune da kwalin a cinya, sannan ya mayar da nata inda suke, ya ja tsumman ya rufe, ya jefa kwalin a durowa.

Ranar gwaji filin ya cika, ka ce kasuwar shanu ce ta tashi ta koma can. Rana ta ɗan karkata amma zafin Mubi bai san da haka ba. Baba Ishiyaku ya zo cikin kaftaninsa na zuwa coci, ya tsaya gefe ya harɗe hannu. Da aka tayar da motar Mahmoud da sanyin inji sai ta ɗan fesa hayaƙi shuɗi kafin ta washe, wani daga cikin 'yan teburin mai shayi ya yi gyaran murya da gangan. Ta Abdulrashid kuwa ta tashi tsaf, muryarta a matse, irin muryar da Baba Ishiyaku zai gane ko cikin barci. Vandi ya hango shi, ya rusuna daga nesa yana murmushi.

Aka saki gyale, motocin suka fizga. Ta Abdulrashid ce ta fara yin gaba, jama'a suka ɗau ihu. A tsakiyar fili aka ji muryar injinan ta canza gaba ɗaya, duk sun danna gas, ƙura ta turnuƙe a bayansu. Baba Ishiyaku ya daina kallon motocin, ya koma kallon 'yarsa. Tana tsaye da sukundireba a hannu, leɓenta yana motsi, bai sani ba ko addu'a take ko zagin Mahmoud.

Sai aka ji ƙara, kwaram, kamar an yar da tukunyar ƙarfe a kan siminti. Farin hayaƙi ya tashi daga gaban motar Abdulrashid, ta yi tangal-tangal ta gangara gefe ta tsaya. Ya fito lafiya lau yana tari yana riƙe da kai. Ta Mahmoud ta wuce har ƙarshen fili, ta yi kwana, ta dawo a hankali, injin yana ta aikinsa kamar ba shi aka azabtar ba.

Mahmoud ya diro yana tsalle yana ta godiya. "Useko, Anti Susanna! Useko! In sake?"

"Ka sake ka gani, in cire tukunyan in kai wa babanka," in ji ta. Ta buɗe gaban motar, ta kafa bakin sukundireba a jikin injin, ta ɗora kunne a kan ƙotar. Ta saurara, ta matsa gaba ta sake saurara, sannan ta ɗago ta dubi ubanta ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Wani abu ya taso wa Baba Ishiyaku. Alfahari ne, tsantsarsa, irin wanda bai taɓa ji a kan wani injin da ya ɗaura da hannunsa ba. Ya so ya yi ihu ya ce 'yata ce, ku dube ta da kyau, amma sai ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Yana nan tsaye Vandi ya ratso jama'a. Ya cire filogi daga motar da ta mutu, bakin filogin ya dagargaje, ga ɓarɓashin fistan yana ƙyalli a tafin hannunsa. Ya tsaya a gaban tsohon ya miƙo hannun.

"Baba, Allah ya sani, yadda ka koya mini haka na yi. Na matse shi. Ko reza bai shiga ba."

Mutane suka matso, har da masu gyaran murya. Baba Ishiyaku ya karɓi ɓarɓashin ya murza a yatsa.

"Na sani," ya ce, da ƙarfi yadda na baya ma za su ji. "Ba hannunka ya fasa shi ba, koyarwana ne. Ku ɗaure motan ku jawo Nassarawo. Gobe ka zo da sassafe, ni ma zan zo, mu zauna a benci ɗaya. Oga ba ta son latti."

Susanna ta rufe gaban motar tana share hannu, ta yi kamar ba ta ji ba, amma idonta ya kawo ruwa. Ta sunkuya za ta ɗauki akwatin kayan aikinta, tsohon ya riga ta. Vandi ya miƙo hannu zai karɓa, Mahmoud ma haka, ya ture su duka. Ya saɓa akwatin a kafaɗa, baƙin mai yana ɗiga a kan kaftanin cocinsa, ya ce mata, "Wuce gaba."