Taliyar Jiratawa

Sunana Kalibu, manomi ne ni a Tsibiri. Ban taɓa tsayawa a layin taimako ba. Shekarar da fari ya ƙone gero tun bai yi kai ba, na sayar da jakina, ni da matata Na'omi muka koma ci sau ɗaya a yini. Mun rame. Wuyan rigata ya yi mini yawa. Amma ba wanda ya ga hannuna a miƙe.

Soja ke mulki lokacin. A Maradi sun fara kwashe waɗanda yunwa ta koro daga ƙauye, su zuba a kamyo, babbar motar kaya, su kai wani sansani bayan gari. Ba sa dogon bincike. Ƙashin wuyanka suke dubawa, da tufarka. Maƙwabcinmu Tanimu ya shiga birni neman aiki, aka ɗauke shi, matarsa ta daɗe ba ta san inda yake ba. Wannan nake tsoro fiye da yunwar.

Da hutun Kirsimeti ya zo, 'yarmu Susana mai koyarwa a lakwal ta matsa mu je Jiratawa mu huta wurin wanta Irmiya, wanda ke gyaran injinan ban ruwa. Ta ce can akwai kore, ido zai huta. Na ƙi, ta nace, muka tafi.

Maigidan Irmiya wani Bature ne ɗan Italiya, Aldo. Ranar da za mu komo ya aiko mu je cin abincin rana. Na ce ba na cin sadaka. Irmiya ya ce gayyata ce, kuma mutumin da hannunsa ya dafa. Namiji da gemu, tsaye kan tukunya. Na je don in gani.

Taliya ce, amma ba irin tamu ta murji ba. Faffaɗa ce, tana da ɗan tauri a haƙori. Miyar ja wur, tumatir da tafarnuwa da man zaitun, ya goga wani busasshen cuku a kai. An ba ni cokali mai yatsu, na ajiye shi, na wanke hannu. Aldo ya yi dariya, shi ma ya ajiye nasa. Abin ya yi daɗi. Na ci har gumi ya keto mini, ya ƙara mini, ban hana shi ba. Na'omi tana ci a hankali, idonta na kan abin da ya rage a tukunya. Na gane. Da muka tashi na ja ta gefe na ce mata ziyara muka zo, ba bara ba, kada ko sili ɗaya ya bi mu gida. Ta ce to, Malam.

Susana ta tsaya ƙarasa hutunta. Mu biyu muka shiga mota zuwa Maradi. Daga inda aka sauke mu sai an taka ta gefen kasuwa kafin a kai wurin motocin Tsibiri. La'asar ta yi. Muna cikin tafiya kamyo ya tare hanya ta gaba, sojoji suka diro. Mutane suka watse, masu goyo, masu ƙwarya. Wani soja ya harba bindiga.

Na waiga, ban ga Na'omi ba. Can na hango ta a ƙasa, an bangaje ta. Ta dafe ƙugunta da hannu biyu, zanenta ya jiƙe ja, jan yana bi ta tsakanin yatsunta.

Da rarrafe na isa wurinta. Na ce ta ɗaga hannu in ga inda harsashin ya shiga. Ta ƙi. Ta ƙara damƙewa, tana kallona. Na tambaye ta ko tana jin zafi. Tun aurenmu ban taɓa kiran sunanta a bainar jama'a ba. Ranar na kira, na sake kira.

Takalmi ya tsaya kusa da kaina. Saje ne, dogo, leɓensa a bushe. Ya karɓi katina na shaida, ya ga Tsibiri, ya ga manomi, ya dubi wuyana. Ya nuna kamyo da haɓa. Na ce mu baƙi ne, daga hutu muke. Wani ƙaramin soja ya yi dariya, ya ce duk wanda ke cikin motar nan hutu ya zo, tsoho.

Na ce, "Kun harbe mini mata."

Sajen ya daina kallona. Ya ce sama aka harba. Amma fuskarsa ta sauya. Ya durƙusa, ya ce, "Inna, cire hannunki."

Ta dube ni, ba shi ba. Sannan ta cire. Leda ce ta fashe a cikin zanen. Taliya ta zubo kan cinyarta, da miyarta.

Ƙamshin tafarnuwa ya tashi, na ga kawunan da ke cikin kamyo sun juyo gaba ɗaya. Na san abin da ake yi wa wanda aka kama da kayan taimako na sata. Sajen ya ɗauki sili ɗaya, ya shinshina, ya sa a baki. Ya tambaya daga ina. Na'omi ta ce Jiratawa, gidan Baturen injina, ɗanmu ke masa aiki. Ya tambaya tun yaushe yake jikinta. Ta ce tun azahar.

Ya miƙe yana goge yatsa a wando. Ya ce wa ƙaramin sojan, mai yunwa ba ya ɗauko dafaffen abinci tun daga Jiratawa bai taɓa shi ba. Ya miƙo mini katina.

"Baba, ɗauki matarka ku bar nan."

Na ɗaga ta. Ta tsaya tattara abin da bai taɓa ƙasa ba, ta ƙulle a bakin gyale. Ban hana ta ba. Muka wuce ta gefen kamyon, ban ɗaga kai ba, ita ma haka.

A motar Tsibiri, bayan mun wuce gulbi, ta juyo ta dube ni. Ta ce abincin na Tsahara ne, matar Tanimu, yaranta ba su ɗora tukunya ba tun jiya.

Na ce mata idan za ta sake yi, ta nemi kwano mai murfi.