Kawo Wa Wa?

Duk wanda ya tambayi Malam Ɗahiru aikin da 'yarsa Nafisa take yi, amsa ɗaya yake bayarwa: "Tana nan dai, tana danne-danne." Shekara ashirin da shida ya yi yana kamasho a tashar Unguwa Uku, shi ya sa a wurinsa aikin da ba a ɗaga murya a cikinsa bai cika aiki ba. Nafisa takan yi dariya idan ta ji, amma maganar tana ci mata rai ƙwarai.

Ranar wata Asabar da hantsi tana zaune kan tabarma a tsakar gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi, kwamfuta a cinya, sai tsaki take ja. Anti Folake, mai shagon wanki da guga a Tarauni, ta ba ta aikin haɗa mata mataimaki na AI da zai riƙa karanta saƙonnin kwastomomi yana tura mai adaidaita. Maɓallai biyu Nafisa ta ba shi, ta rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne don ya san wanda zai danna. Ta gwada shi da tsofaffin saƙonni arba'in, ya ci ashirin da bakwai kacal.

"Ke da wa kuma?" in ji Malam Ɗahiru, yana ajiye buta.

"Baba, yaron nan ne ba ya jin magana."

"Wane yaron?"

Ta yi masa bayani sama-sama, tana jiran ya wuce. Sai ga shi ya jawo kujera ya zauna.

"To, me kika ce masa?"

Ta karanta. "Na farko: kai kaya. Na biyu: kawo kaya."

"Kawo wa wa?"

"Shago mana, Baba."

"A ina kika faɗa?"

Nafisa ta sake duba bayanin, ba ta ga inda ta faɗa ba.

"Karanto min saƙo ɗaya da ya faɗi a kai."

Saƙon wata Hajiya Hauwa ne daga Babban Giji: a kawo min kayana kafin la'asar, biki za ni. Mataimakin ya ga "kawo", ya danna "kawo kaya", wato ya tura mai adaidaita gidanta hannu rabbana ya ɗebo wanki.

Malam Ɗahiru ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wallahi yaron nan ya fi ki gaskiya! Ke kina tsaye a shago kika ce kawo, Hajiya tana tsaye a gidanta ta ce kawo. Shi kuma bawan Allah a ina yake tsaye? Mu a tasha ba ma ce wa direba kawo. Sai mu ce daga nan zuwa can, da lodi ko wayam."

Kunya ta kama ta, daɗi kuma ya biyo baya. Ta goge bayanin duka. Shi yana faɗa, yana nuni da hannu kamar motoci na gabansa, ita tana bugawa: wannan daga shago ne zuwa gidan kwastoma, da wankakkun kaya, idan kwastoma ya ce a kawo masa, wannan yake nufi. Wancan kuma a je wayam, a dawo da masu datti.

"Ƙara masa, idan bai gane ba ya tambaya. Direban da ba ya tambaya, a Wudil ake tsinto shi."

Ta sake gwadawa. Arba'in cif! Ta yi tsalle har ta kusa kifar da butar.

"Dakata," ya ce. "Saura nawa gwajin. Rubuta masa: a turo yaro."

Ta rubuta. Malam Ɗahiru ya harɗe hannuwa, yana murmushin mugunta. Amsa ta fito: "Ranka ya daɗe, kayanka za a kai maka, ko wanki za a karɓo?"

Tsohon ya buga cinya. "Kai! Wannan ai ya yi zaman tasha!"

Da aka kira azahar ya fita, har yanzu yana 'yar dariyarsa. Nafisa na naɗe tabarma ta jiyo muryar maƙwabcinsu Alhaji Zakariyya a ƙofar gida yana gaisawa da shi, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Ita kuwa Nafisa, har yanzu danne-dannen?"

Ta tsaya cak da tabarmar a hannu.

"Wane danne-danne, Alhaji?" in ji Malam Ɗahiru, da muryar da ake ji daga ƙarshen tasha. "Kamasho take yi, irin nawa. Ita ta gaje ni."