Gam a Shafin Ƙarshe

Ranar Litinin Shugaban ɗakin karatu ya tsaya gaban kantar littattafai ta tara ya ƙwanƙwasa ta da biro.

"Kafin Juma'a a kwashe waɗannan a soke su daga rajista," ya ce. "Ba mai aronsu. Littattafan jarrabawa za mu jera a nan."

Kanta ta tara ita ce ta labaran bincike da kisan kai. Watana bakwai da fara aiki a ɗakin karatun, kuma ita kaɗai nake gogewa ba sai an sa ni ba. A bazarar nan kawai na karanta goma sha ɗaya. Da kwalin sababbi ya iso, tun kafin a yi wa littattafan lamba, nake zare ɗaya in zauna ƙarƙashin fanka lokacin hutun rana.

"Yallaɓai, an tambayi mutane me ya sa suka daina ara?"

"Sabuwa," ya ce, haka yake kirana, "mutanenmu ba sa son wannan shirmen. Shekarata ashirin a nan."

Shekara ashirin, bai taɓa tambayar kowa komai ba. Abin da ke ƙona min rai ke nan.

Na zazzage katunan aro a tebur. Kowane suna sau ɗaya ko biyu yake fitowa, sai ya ɓace. Mutum ɗaya ce ta kai huɗu: Mama Nas, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke karanta jarida kusa da taga kowace safiya. Na je na rusuna na gaishe ta.

"Mama, me kanta ta tara ta yi miki?"

Ta sauke tabarau. "'Yata, ni na harbe-harbe da tseren mota ba sa gabana, hayaniya ce kawai. Nawa shi ne wanda marubuci zai ajiye min shaida a gaban ido, ya bar ni ina ta zargin bayin Allah. Amma ku nan ba ku da imani. Huɗu na karanta, har yau ban san wa ya sa wa alƙalin nan guba a shayi ba."

"Ai a ƙarshe ake faɗa, Mama."

"To je ki ɗauko ƙarshen ki nuna min."

Na ɗauko na buɗe. Aljihun takarda da ake saka katin aro a ciki, ga shi nan daram a kan shafin ƙarshe, ya rufe rubutun. Layi ɗaya ya tsira a sama: mai bincike ya ɗaga yatsa ya nuna. Wa ya nuna? Gam. Na buɗe na biyu, na uku, na goma, duk haka. Ni ban taɓa gani ba saboda tun daga kwali nake karanta nawa.

Na faɗa ɗakin baya. Baba Mai Gam, mai manna aljihunan, na zaune da gwangwaninsa da burushi.

"Baba, a kan rubutu kake mannawa!"

"Shafin ƙarshe aka ce min ranar da na kama aiki, tun ba a haife ki ba."

"Na littafin lissafi fari ne fes. Waɗannan kuwa a nan ake kama mai laifi!"

"Ni na san me ke ciki? Wa ya taɓa kawo ƙara?"

Ba wanda ya taɓa. Mutum ya karanta shafi ɗari uku, a hana shi na ƙarshe, ya mayar da littafi ya ce na gode.

Da na kai wa Shugaba, ko kallon shafin bai yi ba. "Haka muka tarar. Kika ɓamɓare ko ɗaya, takardar gargaɗi ce, kuma kin san ba a tabbatar da ke a aiki ba tukuna."

Ranar Laraba na ɗauko butar lantarki ta ofis, na kafa ta a tsakiyar zauren karatu inda kowa zai gani, na kara littafi a tururi. Na farko ya yage a hannuna.

"Matsa, ɓarna kike yi!" Baba Mai Gam ne, da siririyar wuƙa da jiƙaƙƙen tsumma. "Gam ɗina ne, ni na san halinsa."

A hankali ya ɗago aljihun, ya mayar da shi cikin bangon littafin. Mama Nas ta warce littafin, ta karanta a tsaye.

"Matar ƙaninsa! Wallahi tun a babi na uku na ce ita ce!"

"Haba Mama, kin gama ɓata mana!" in ji wani tela daga layin baya. Zaure ya kwashe da dariya, shi kuwa ya miƙo hannu a ba shi wani.

Ranar Alhamis Mama Nas ta dawo da tsofaffin abokan aikinta biyar, kowacce da wata a bayanta.

Da safiyar Juma'a Shugaba ya zo da takardar gargaɗina a hannu. Littattafai shida ya tarar a kanta ta tara.

"Ina sauran?"

"Suna hannun masu aro, Yallaɓai. Doka ta ce littafin da ke waje ba a soke shi. Haka muka tarar."

Ya dube ni ya daɗe. "In sun dawo fa?"

"Akwai masu jira."

Ya ajiye takardar a gabana. Na karanta ta har shafin ƙarshe, na sa hannu. An ƙara min wata shida kafin tabbatarwa. Ya tattara shidan zai wuce da su sito, sai Baba Mai Gam ya zare na sama.

"Sabuwa, rubuta sunana a katin nan. Shekara talatin ina toshe musu baki, bari in ji abin da suke faɗa."