Kalmar da Ta Tsorata Hadijatu

Hadijatu na tuyar awara a kasuwar Kontagora sai malamar 'yarta ta kira ta. Layin na yankewa, abin da ta ji kawai sunan 'yarta "Ruka" da "tiff". Ta tsorata, don a ɗan Turancinta, tif ɓarawo ne.

Ta bar wa maƙwabciyarta kaskon, ta hau acaɓa tana salati har makaranta.

"Malama, me ta sata?"

"Sata kuma? Tiff na ce, wato ɗan saɓani. Cacar baki suka yi da ƙawarta, har sun shirya. Daga baya zazzaɓi ya rufe ta, shi ya sa na kira."

Hadijatu ta ce, "Ina take kwance?"