Kwana Shida Zara Ba Ta Amsa Ba

"Bar wahalar da kanki, ɗiyata," in ji Inna Kulsum daga kan gado. "Salular lafiyarta lau. Zara ce ta yi fushi da ni."

Nasira ta ci gaba da gwadawa. Tana tsaye jikin bango, ta ɗaga salular sama kamar mai shanya, tana ƙura mata ido. Alamar wifi ta cika taf, amma ga wata ƴar alamar motsin rai maƙale a gefenta, kuma a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa an haɗu amma babu intanet.

Ko jakar tafiyarta ba ta kwance ba. Kwana goma ta yi a Damagaram wajen horon malaman lakwal, wato makarantar boko, saukarta Gure ke nan da azahar, Dija surukar Inna ta tare ta a bakin ƙofa da jajayen idanu. Ta ce mata tsohuwa ta faɗi a tsakar gida, an kai ta likita ta kwana biyu, majo, babban ma'aikacin likitar, ya ja Burahima ɗan Inna gefe ya ce ya mai da mahaifiyarsa gida a yi ta addu'a. Tun daga ranar ko kunu ba ta yarda ta kurɓa ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu. Shekara shida da suka wuce aka turo Nasira koyarwa Gure da ciki wata bakwai, ba uwa ba dangi a garin. Inna Kulsum ce ta shigo mata ba gayyata ranar da ta haihu, ta hura wuta, ta yi mata wankan jego kwana arba'in cur, ta turara ta da turaren da take haɗawa na sayarwa, tana yi tana mita wai ƴan birni ba su san zafin ruwa ba. Shi ya sa ranar da Idirisa mijin Nasira ya kawo akwatin wifi gida saboda aikinsa, salular da ta fara sa wa kod, wato lambar sirrin wifin, bayan tata ita ce ta Inna. Zara ƙanwar Inna ce ta aiko da ita daga Makka ta hannun alhazai. Inna ba ta karatun boko, amma ta riƙe abu uku: ta taɓa kore, ta taɓa hoton Zara, ta danne ta yi magana. Kullum bayan la'asar ana jiyo ta ta katanga tana ba Makka labarin awakinta da farashin dabino.

Nasira ta buɗe wurin hirar. Saƙon murya tara ne jere, kowanne da ɗan agogo a gindinsa.

"Inna, yaushe rabon ki ji muryarta?"

"Yau kwana shida. Tun da na faɗa mata maganar."

"Ai ba ta ji ba. Saƙonninki duk ga su nan, ko ɗaya bai bar ɗakin nan ba."

Tsohuwar ta juyo da kai a hankali. Fuskarta ta zabge, tsagen da ke kumatunta ya ƙara fitowa. Nasira ta ɗauka za ta ga murna, sai ta ga tsoro.

"Bai tafi ba? Har na farkon?"

"Har shi."

Inna Kulsum ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗaki. Can ta ce, "Dija, je ki duba awakin nan, na ji kamar sun kwance." Da Dija ta fita, sai ta dafa gefen gado. "Zauna nan."

Nasira ta zauna.

"Wataƙila Allah ne ya rufa mini asiri," in ji tsohuwar. "Ana iya goge shi?"

"Ana iyawa."

"To bari ki ji abin da ke ciki tukuna, kar ki goge abin da ba ki sani ba."

Ta ba ta labarin a gutsure, tana yi tana hutawa. A Kelle aka haife su, su biyu kaɗai uwarsu ta samu. Zara ta bi mijinta gabas ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, uwar tana kuka tana cewa kar ta tafi. Ta tafi. Shekara takwas uwar ta yi a kwance, Kulsum ce ɗauka, ita ce wanki, ita ce juyawa. Da ta rasu, aka samu wani alhaji mai tafiya, Kulsum ta yi magana a kaset ta ba shi ya kai.

"Na ce mata Iya ta cika ba ta ambaci sunanta ba. Haka na ce." Ta kau da kai. "Ƙarya na yi, ɗiyata. Kwana uku na ƙarshe ba sunan da ke bakinta sai Zara. Ni da ke riƙe da ita, Zara take kirana. Ta sa mata albarka har muryarta ta dushe. Abin ya ci mini rai. Na ce ai kuwa ba za ta ji daɗin wannan ba."

"Shekara nawa ke nan, Inna?"

"Talatin da ɗaya. Mun shirya, muna hira, tana aiko mini da zannuwa. Amma duk ranar da ta ambaci Iya sai muryarta ta karye, ni kuwa in sako zancen awaki. Da na dawo daga likita na ga hanya ta miƙe, na danne abin nan na faɗa mata. Sai shiru. Na sake, shiru. Na ce to, ta yi daidai."

Nasira ta dubi salular da ke tafin hannunta. Yatsa ɗaya ya isa. Ba ta ga tana da bakin ba matar da ta yi mata wanka shawara a kan wannan ba, don haka ta tambaya kawai.

"In goge in gyara, ko in gyara a yadda take?"

Wata akuya ta yi kuka a waje. Inna Kulsum ta rufe ido.

"Gyara," ta ce. "Kar ki taɓa komai."

Sai dai gyaran ya ƙi. Nasira ta kashe salular ta kunna, alamar nan tana nan. Ta zaga gidanta ta zare wayar akwatin daga kuran ɗin lantarki, ta ƙirga talatin, ta mayar, ta tsaya har fitilun suka koma kore. Ta dawo da sauri, ba abin da ya sake. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Duk shigowar da za ta yi sai idon tsohuwar ya biyo ta, ba ta tambaya, kallo kawai.

Ta kira Jibirilla mai gyaran salula na bakin tasha. Ya ɗauka cikin hayaniyar masu lodi.

"Madam, taki tana tafiya a kan wifin?"

"Tana tafiya sarai."

"To akwati ba shi da laifi, ki bar shi ya huta. Ki sa ta tsohuwa ta manta da wifin, ki sake sa mata kod."

Ta yi. Sai da ta kuskure kod ɗin sau biyu. Salular ta haɗu, alamar ta sake fitowa.

"Ta ƙi, Malam Jibirilla."

"Ikon Allah. Ki kawo mini gobe in duba."

"Ba na jin muna da gobe," in ji Nasira, ta rage murya ta juya wa gadon baya.

Hayaniyar ta ragu, da alama ya shige cikin rumfarsa. "To tsaya. Ta faɗi kwanan nan? Ko ta sha ruwa?"

Nasira ta maimaita tambayar, sai Dija da ta dawo tana bakin ƙofa ta ce, "Ta faɗi. Ranar da Inna ta faɗi tana ƙulle a bakin zaninta. Murfin ya yi nan, batir ya yi can, ni na tattara na mayar."

"Akwai layi a cikinta?"

"Babu, da wifi kaɗai take aiki."

"Madam, dubi sama. Ƙarfe nawa ta ce?"

Nasira ta duba. Ita da ke rubuta kwanan wata a allo kowace safiya, ko sau ɗaya idonta bai kai wurin ba. "Wai tara da minti goma. Kwanan watan kuma na shekara goma baya ne."

"Shi ke nan, mun kama ɓarawo! Batir ya fita, lissafi ya ɓace mata, ba layin da zai tuna mata. Can inda take sallama kuwa sai sun duba kwanan wata, in bai yi daidai ba ba sa buɗe ƙofa. Ki shiga wurin agogo ki sa da hannunki."

Ta sa shekara, ta sa wata, ta sa rana, ta daidaita agogo da nata. Ta ɗan jira. Alamar motsin ran ta ɓace. Sai salular ta hau kaɗawa a hannunta ba ƙaƙƙautawa, saƙo na bin saƙo, har sha huɗu, duk daga Zara. Ƴan agogon nan tara kuma suka riƙa juyewa ɗaya bayan ɗaya.

"Allah ya saka da alheri, Malam."

"Allah ya ba ta lafiya. Ki ce Jibirilla na gaishe ta, turarenta ne a ɗakin matata."

Nasira ta durƙusa gaban gado. "Sun tafi, Inna. Ga nata kuma sun shigo."

Suka saurara. Muryar Zara siririya ce mai sauri, tana cakuɗa Hausa da Barbarci har da ɗan Larabci. Na farko ƙorafin gwiwa ne. Na uku tana tambayar ko an yi ruwa a Gure. Na bakwai ta ce, "Yaya, shirun nan fa? Ko na yi laifi?" Na ƙarshe ba magana sosai, sai sunan Kulsum sau biyu da jan hanci.

"Ji ta," in ji Inna. "Wai ko ta yi laifi."

Alamar da ke gindin saƙon farko ta koma shuɗiya, shaidar Zara ta saurara. Nasira ta gani, ta faɗa mata. Aka kira la'asar, Dija ta yi wa tsohuwa taimama ta yi salla a kwance. Nasira ta yi tata a gefen gado, salular na kan tabarma kusa da goshinta. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida, ba amsa.

Sai salular ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne.

Nasira ta amsa ta riƙe ta saitin fuskar Inna. Goshi da tabarau ne kawai suka cika gilashin, sai daga baya Zara ta ja baya, tsohuwa mai irin tsagen yayarta, idanunta sun kumbura. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Me ta ce?"

"Zara..."

"Me Iya ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa, kar ki rage ko ɗaya."

Inna Kulsum ta tattara numfashi. Da Barbarci ta faɗa, a hankali, da wata murya da ba tata ba. Ɗan abin da Nasira ta tsinta a shekara shida ya ishe ta ta gane: Zara ƙaramata, ƙafarki ta taka alheri, na yafe miki nonon da kika sha, Allah ya sa ki gama lafiya.

"Sake."

Ta sake.

"Sake, Yaya."

Sau uku ta faɗa. Kafaɗar Nasira ta ƙage, ta tallafe gwiwar hannunta da ɗaya hannun, ba ta yarda ta sauke ba.

"Shekara talatin ina zagaya Ɗakin Ka'aba ina roƙon Allah ya sa ta yafe mini a kabari," in ji Zara. "Kin cuce ni, Yaya."

"Na cuce ki."

"Kin cuce ni ƙwarai." Ta cire tabarau ta goge fuska da gefen mayafi. Sai ta ɗago. "Ni ma na bar miki ita ke kaɗai. Shekara takwas. Ban taɓa tambayarki yadda kika yi ba." Ta matso har hancinta ya cika gilashin. "Na yafe, duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini. Wai me ya same ki kika rame haka? Ba sa ba ki abinci ne?"

"Ita ce ta ƙi ci, Hajiya," in ji Dija daga baya, tana kuka tana dariya.

"A kawo kunu ina kallo."

Aka kawo. Ludayi huɗu ta sha, Zara na ƙirgawa daga Makka.

Kwana uku ta ƙara. Kowace la'asar Nasira na dawowa daga lakwal ta riƙe musu salula. Ba su koma kan maganar ba. Hirar Kelle suke yi, rijiyar da suka taɓa jefa guga, da wata saniya mai ƙaho ɗaya da ta kori Zara har cikin rumbu. A rana ta uku Inna ba ta iya amsawa, Zara ce kaɗai ke magana, ita tana lumshe ido tana ɗaga yatsa in an zo wurin da ƙanwar ta yi kuskure.

Ranar Alhamis da hantsi Nasira na tsaye gaban allo sai ta ga Idirisa a bakin aji, bai ko kashe babur ba. Daga fuskarsa ta gane Inna ta cika. Ta ajiye allin a kan tebur, ta ce wa yara su kwafi abin da ke allo.

Ita ta kira Makka. Da Zara ta ga fuskarta ita kaɗai, ba gado a bayanta, sai ta yi salati, ta ce, "Da sauƙi?" Nasira ta ce da sauƙi, don Dija ta gaya mata kamar barci ta yi, Burahima na riƙe da hannunta. Zara ta gyaɗa kai. "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata," ta ce, ta kashe.

Bayan sadakar uku aka fitar da gadon tsakar gida don ya sha rana. Da yamma Nasira ta leƙo ta tarar da Dija na sharar ɗakin. Ƙafafun gadon sun bar rami huɗu a cikin rairayin ƙasa. Dija ta share ko'ina, ta zo kansu ta tsaya, sai ta zagaye su da tsintsiya ta ci gaba zuwa bakin ƙofa.